Aikin Alƙaluma a Harkar Noma: Jagora ga Mai Son Shiga Sana'ar

Tun da yayin koyon kwamfuta ya kankama, musamman bayan gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, matasa ke zuwa da tambaya guda: sun koyi sarrafa bayanai, suna so su yi aiki da ilimin a harkar noma da wadatar abinci, ta ina za su kama? Fagen yana buƙatarsu ƙwarai. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora shi ne kurakuran sababbin shiga kusan iri ɗaya ne kullum. Wani zai kwashe wata shida yana gina manhajar da babu manomin da ya roƙe shi ita. Wata za ta zana allon alƙaluma mai ɗaukar ido a kan lambobin da aka cike a gindin bishiya, ba a ko taka gonar ba. Wani kuma ya ɗauko hoton tauraron ɗan Adam ya ce ga gonar masara, alhali dawa ce da wake a tsakani.

Aikin nan gaba ɗayansa shi ne ka samo lamba ta gaskiya game da gona, ko ruwan sama, ko kasuwa, ko tukunyar gida, ka kai ta hannun wanda zai yanke shawara kafin lokaci ya ƙure masa. Mai shawarar nan yana iya zama manomin da ke tunanin ko ya yi shuka a wannan mako, ko bankin da zai ba da bashin taki, ko hukumar da za ta zaɓi ƙaramar hukumar da agaji zai fara zuwa. Zan riƙa cewa “ka”, amma 'yan'uwa mata na ciki, kuma za a ga wuraren da aikin ba ya yiwuwa sai da su.

Kayan aiki

Wayar Android mai batir mai ƙarko da GPS mai kyau, da fawabank, in da hali da ƙaramar sola, domin ƙauyukan da za ka kwana da yawa ba wuta.

Laftof matsakaiciya. Ba sai sabuwa ba, ta dai iya ɗaukar Excel da QGIS ba tare da ta riƙa daskarewa ba.

Sikelin ratayawa mai ɗaukar kilo 50 ko fiye, da ƙaramin sikelin lantarki na auna tiya da kwano.

Tef na awo, da igiya, da turaku huɗu.

Na'urar auna laimar hatsi. Tana da ɗan tsada, ana iya aro ko a haɗa kuɗi.

Littafi mai kaurin bango da biro. Waya kan mutu, kuma akwai abin da manomi zai faɗa wanda fom ba shi da gurbinsa.

Manhajojin kuwa yawancinsu kyauta ne: KoboToolbox ko ODK na tattara bayanai, QGIS na taswira, R ko Python na nazari. Sai lissafin sakandare da ya zauna sosai, wato kaso, da matsakaici, da sauya ma'auni. Sai Hausa ta gona, wadda ta bambanta da ta aji. Digirin noma ko na kwamfuta yana taimakawa wajen neman aiki, amma ba ya ɗauke wa kowa matakin farko.

Mataki na 1: Ka yi damina guda a gona

Ka nemi malamin gona ko manomin da ya yarda da kai, ka bi shi daga sharar gona zuwa sussuka. Ka ga shuka, da noman firi, da maimai, da zuba taki, da girbi. Ka san ƙuduji in ka gan shi a gindin dawa, ka san ɓarnar tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Afirka a 2016, wadda ke shigewa cikin zuciyar tsiro ta bar kashinta kamar dussa.

Dalilin wannan mataki shi ne duk lambar da za ta zo gabanka daga baya sai ka auna ta da abin da idonka ya sani. In ka ga an rubuta cewa wani ya shuka gero a Oktoba a Katsina, ko ya zuba buhun yuriya goma a rabin eka, kwamfuta ba za ta ɗaga gira ba. Kai ne za ka ɗaga. Za ka kuma koyi abubuwa biyu da ke rikita fom ɗin da aka kwafo daga wata ƙasa. Na ɗaya, manominmu ba kasafai yake shuka abu ɗaya a gona ba: gero, dawa da wake suna iya zama a fili guda, don haka tambayar “hekta nawa ka shuka wake?” ba ta da amsa kai tsaye. Na biyu, gida ɗaya yana da gandu, wanda maigida ke riƙe da shi, da gayauna ta 'ya'ya da ƙanne, da gonakin mata. Wanda ya tambayi maigida kaɗai ya tafi, ya bar wani kaso na abincin gidan bai ƙirga ba.

Mataki na 2: Ka koyi ma'aunan mutane, ka auna su da kanka

A nan ne mafi yawan rahotanni ke lalacewa tun kafin a buɗe kwamfuta, shi ya sa zan daɗe a kai. Manomi ba ya lissafi da kilo da hekta. Yana cewa dami, buhu, tiya, mudu, kwando, amalanke. Ko ɗaya daga cikinsu ba shi da nauyi tabbatacce.

Tiyar gero a Kano kan kai kusan kilo 2.5, buhu kuma kan ci tiya arba'in, abin da ake kira buhu mai kilo 100. Amma tiyar gyaɗa ba ta kai nauyin ta gero, kuma mudun wani gari bai yi daidai da na wani ba. Ka tsaya kusa da mai awo a kasuwar ƙauye ka duba: wata tana tula hatsin har ya yi tsini, ta kuma kare gefen kwanon da tafin hannu don ya ƙara ɗauka, wani kuwa yana shafe baki. Sunan ma'aunin ɗaya, nauyin daban. Dami ya fi duka rikici, domin girmansa ya dogara ga al'adar gari da tsawon zangarniya, kuma abin da zai fita bayan sussuka ya dogara ga kyan shekara.

Sai maganar yanayin amfanin. Buhun shinkafa shanshera da buhun tsaba ba abu ɗaya ba ne, domin bayan an kai inji abin da ke fita kan tsaya wajen kashi 60 zuwa 65 cikin 100. Gyaɗa mai ɓawo in aka ɓare ta kusan kashi 70 ke saura. In fom ɗinka ya ce “buhu nawa ka samu?” ya tsaya nan, ka haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Maganin ba wuya, haƙuri kawai yake so. A kowane yanki, ka ɗauki sikeli ka auna ma'auni iri ɗaya a wurin masu awo daban-daban, ga kowane irin amfani, ka rubuta, ka fitar da matsakaici, ka ajiye jadawalin sauya ma'auni na wannan yanki da kwanan watansa. A fom kuma ka bar manomi ya faɗi ma'aunin da ya sani, ka rubuta shi yadda ya faɗa. Kada ka bar mai tattara bayanai ya sauya zuwa kilo a kansa, domin kowa da lissafinsa, kuma ba za ka taɓa gano inda kuskuren ya shiga ba.

Ka kuma kiyayi eka da hekta. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Rikita su kaɗai ya isa ya mayar da manomi na kirki kamar wanda ya yi asara, ko mai asara kamar zakaran gwajin dafi.

Mataki na 3: Tsara fom da fita tattara bayanai

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ka rubuta shawarar da ake so a yanke da amsoshin. Duk tambayar da ba ta taimaka wa wannan shawara ba, ka cire ta. Fom mai cin awa biyu yana gajiyar da manomi, kuma amsoshin ƙarshe “e, e, haka ne” za su zama.

KoboToolbox da ODK suna aiki ba tare da sabis ba, sai an dawo gari a tura. Ka yi amfani da damar da suke bayarwa ta sa iyaka: shekarun mutum kada su wuce abin da hankali zai ɗauka, wanda ya ce bai shuka masara ba kada a tambaye shi takin masara, kuma a sa wayar ta ɗauki wuri da lokacin fara hira da na gamawa. Wannan na ƙarshen shi ke nuna maka fom ɗin da aka cike cikin minti huɗu, ko fom ashirin da duk suka fito daga wuri guda. Ka fassara tambayoyin zuwa Hausa tun a ofis, a zauna a yarda da lafazi ɗaya, sannan a gwada a ƙauyen da ba ya cikin binciken.

Zaɓen waɗanda za a tambaya yana da tarko. In ka ce wa mai unguwa ya kawo maka manoma goma, zai kawo manya, masu faɗa a ji, da waɗanda yake ganin sun cancanci tallafi. Ba mugunta ba ce, haka ya fahimci buƙatarka. Ka nemi jerin gidajen garin gaba ɗaya, ka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ka bayyana wa kowa yadda aka yi. Ka kuma daure ka shiga ƙauyukan da ke nesa da kwalta, domin yunwa ta fi zama a can.

Ka fara da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa da sarkin noma. Ka faɗi gaskiya cewa ba rabon taki ka zo ba. In mutane suka ɗauka sunan tallafi ake rubutawa, gona za ta ƙara girma, amfani ya ragu, iyali su ninka. In suka ɗauka haraji ne, komai ya ƙanƙance. Tambayoyin abin da aka ci a gida kuwa, da na sarrafa gyaɗa, da kiwon awaki da kaji, matan gida ne ke da amsarsu, kuma a gidaje da yawa mace ce kawai za ta shiga ta ji. Ayarin da ba mata a ciki ya rasa wannan sashe tun kafin ya tashi.

Akwai amana a wuyanka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar mutum da tsare abin da ya ba ka. Ko ba doka, ka tuna cewa a yankunan da 'yan bindiga ke addaba, jerin da ke nuna sunan mutum, da inda gonarsa take, da yawan shanunsa da buhunansa, yana iya jawo masa halaka in ya faɗa mugun hannu. Ka raba sunaye da lambobin waya daga sauran bayanai, ka kulle, kada ka tura su a zauren WhatsApp, kuma kada ka karɓi NIN ko BVN in aikin bai buƙata ba.

Mataki na 4: Awon gona da yankan gwaji

Binciken da Bankin Duniya ya yi tare da hukumomin ƙididdiga na ƙasashen Afirka ya nuna abu guda a wurare da dama: masu ƙananan gonaki kan faɗi girman da ya fi na gaskiya, masu manya kuma kan rage. Saboda haka gona aunawa ake yi. Ka zagaya iyakarta da waya tare da mai ita, a hankali, kana tsayawa a kowace kusurwa. GPS na waya kan yi kuskuren mita uku zuwa biyar ko fiye, wanda ba komai ba ne a hekta biyar, amma babba ne a fangalin albasa. Ƙaramin fili da tef ake auna shi.

Don sanin yabanya kuwa, ana yin yankan gwaji. Ka kafa turaku ka ja igiya, mita 5 tsawo mita 5 faɗi. Ka tabbatar kusurwoyin sun miƙe ta hanyar auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, ya kamata ka samu mita 7.07. Wurin da za a kafa kada ya zama zaɓin ido, naka ko na manomi, domin ido kan tafi inda ya fi kyau. Ka fitar da lambobin taku ta ƙuri'a tun kafin ka shiga, ka kuma guji bakin gona. A girbe abin da ke ciki, a sussuke, a auna nauyi, a auna laima nan take.

Ga lissafin. A ce ka samu kilo 6 na masara mai laima kashi 20, kana so ka mayar da ita kan kashi 13 na ajiya. Ka ninka 6 da 80 (kason da ya rage bayan cire laimar 20), ka raba da 87 (wanda ya rage bayan cire 13), ka samu kusan kilo 5.5. Filin murabba'in mita 25 ne, hekta ta ninka shi sau 400, don haka yabanyar ta kai kusan kilo 2,200 a hekta. Wanda bai gyara laima ba zai rubuta 2,400. Buhu biyu ke nan na ruwa da aka lissafa a matsayin hatsi, kuma in bashin manomi a kan wannan lamba aka ɗora shi, shi ne zai biya bambancin. Bayan an gama, ka mayar wa mai gona hatsinsa, ka kuma gaya masa girman gonar da abin da awo ya nuna. Da yawa wannan ne karon farko da za su sani, kuma da shi za su daidaita takin baɗi.

Mataki na 5: Tsaftacewa da nazari

Ka ƙware a Excel kafin ka yi tsalle zuwa Python. Ka ajiye asalin bayanan kada ka taɓa su, ka yi aiki a kan kwafi, ka rubuta duk gyaran da ka yi da dalilinsa. Gurbin da ba a cike ba daban yake da sifili: wanda bai amsa ba, ba shi ne wanda bai samu komai ba. Sunan gari ɗaya zai zo maka a rubuce iri uku, don haka ka ba kowane gari lamba. In lamba ta yi tsalle, ka kira wanda ya tattara ta kafin ka goge, domin wani lokaci ita ce labarin. Ka kuma lura cewa babban manomi ɗaya a cikin ƙanana talatin yana jan matsakaici sama, shi ya sa lambar da ta faɗo a tsakiyar jeri ta fi nuna halin talaka. Daga nan sai R ko Python, da ɗan SQL, don aikin da za a maimaita kowane wata.

Mataki na 6: Taswira da tauraron ɗan Adam

Wannan shi ne sashen da ya fi jan matasa, kuma yana da amfani sosai in an san iyakarsa. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton wuri kusan kowane kwana biyar, kyauta, kuma kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 a kan 10. Landsat na Amurka ɗigonsa mita 30 ne, amma tarihinsa ya koma har 1972. Daga hasken da ganye ke mayarwa ake lissafa ma'aunin tsanwa da ake kira NDVI. Na ruwan sama kuwa akwai CHIRPS, wanda ya faro daga 1981, kowane gurbinsa kusan kilomita 5. Da QGIS da Google Earth Engine za ka sarrafa su duka.

Ga inda ake tuntuɓe. Gonar da ba ta wuce rubu'in hekta ba ɗigo 25 ce kacal, kuma da yawansu sun haɗa da iyaka, da hanya, da inuwar darbejiya. NDVI tsanwa yake gani, bai san ciyawa da hatsi ba, don haka gonar da ba a nome ba tana iya fin wadda aka nome kyau a hoto. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, sai wanda bai sani ba ya ɗauka noman rani ake yi. A watan Agusta, lokacin da ka fi buƙatar hoto, gajimare ya rufe sama, sai dai ka koma ga Sentinel-1 mai aiki da rada, wanda karanta shi ya fi wuya. Ruwanmu kuma kan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba, abin da gurbin kilomita 5 ba zai nuna ba. Saboda haka duk taswirar amfanin gona tana buƙatar gonakin da aka taka da ƙafa aka rubuta abin da ke cikinsu, wasu a koya wa kwamfuta da su, wasu a ɓoye a jarraba ta da su. Taswirar da ba a faɗi sau nawa ta yi kuskure ba, ban yarda a ba da bashi ko agaji da ita ba.

Mataki na 7: Karanta alamun yunwa

Amfani yana iya yin kyau a jiha, gida ya kwana da yunwa, domin kuɗin saye ya gagara. Shi ya sa mai wannan aiki yake bin farashi mako-mako, a Dawanau da Maraɗi da kasuwannin ƙauye, yana kwatanta shi da na bara da na shekaru biyar baya a wata ɗaya, tunda hatsi kan yi araha da kaka ya yi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Ga makiyayi, tambayar ita ce tiya nawa ta gero akuya ɗaya za ta saya. Ga ɗan ƙwadago, tiya nawa kuɗin yini zai kawo.

Ka koyi ma'aunin cin abinci na Hukumar Abinci ta Duniya, WFP: ana tambayar kwana nawa cikin bakwai gida ya ci kowane rukunin abinci, a ninka hatsi da 2, wake da danginsa da 3, nama da kifi da 4, madara da 4, ganye da 1, 'ya'yan itace da 1, mai da sukari da rabi-rabi. Kuskuren da aka saba shi ne a lissafa ɗan ƙanƙanin busasshen kifin da aka daka a miya don ɗanɗano a matsayin cin kifi, sai gidan da ke cikin wahala ya fito kamar mai wadata. Ka kuma kula da lokacin tambaya, domin makon sallah ko na biki ba ya nuna halin gida. Ga yara 'yan wata 6 zuwa 59 ana auna damtse, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, kuma in ka gamu da irin wannan yaro, tura shi asibiti ya riga cike fom.

Duk waɗannan alamu suna haɗuwa a tsarin Cadre Harmonisé na ƙungiyar CILSS, wanda cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ke jagoranta, Najeriya kuma ta shiga a 2015. Ana zama sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma bayan kaka, a sa kowane yanki a ɗaya daga matakai biyar, daga lafiya lau zuwa yunwa mai kisa. Yanki kan shiga mataki ne in aƙalla kashi 20 na mutanensa suna cikinsa ko abin da ya fi shi muni. Da wannan taswira ake karkata motocin abinci, don haka fom ɗin da aka cike da ka yana iya hana wani gari abin da ya cancanta.

Mataki na 8: Mayar da bayani ga manomi

Kafin ka yi tunanin manhaja, ka duba wayar da ke aljihun manomi. Sau da yawa ƙarama ce mai maɓallai, wani lokaci ta ɗansa ce, kuma wani ya fi karanta ajami a kan boko. Rediyo, da saƙon murya, da malamin gona, da mai shagon magani da taki sun fi isa gare shi. Shirin GES na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, ya riƙa aika wa manoma saƙon karɓar taki mai rangwame ta waya, kuma ya kai ga mutane masu yawa, amma rashin sabis da rashin waya sun bar wasu a baya. Darasin yana nan har yau.

In rubutaccen saƙo za ka aika, haruffa 160 ne iyakarsa, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin kuma ya ƙaru. Saƙon ya faɗi abin yi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa, da ɗaukewarsa, da inda ake fargabar fari a tsakiya. Aikinka shi ne ka mayar da wannan zuwa shawara, kamar a zaɓi iri mai saurin nuna, ko a dakata da shuka har ƙasa ta jiƙu sosai, kuma malamin gona na yankin ya duba kafin ta fita. Ka faɗa a fili cewa hasashe ne. Manomin da ya bi saƙonka ya yi asarar iri ba zai sake sauraronka ba, kuma yana da gaskiya.

Mataki na 9: Neman gurbin aiki

Masu ɗaukar irin wannan ma'aikaci sun haɗa da NAERLS da IAR a Zariya, da IITA da ICRISAT masu ofisoshi a Kano, da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da hukumomin raya noma na jihohi irin su KNARDA, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da FAO da WFP, da kamfanoni irin su Babban Gona, AFEX da Hello Tractor. A Nijar akwai INRAN da SIMA mai bin farashin kasuwanni, kuma Faransanci ƙofa ce babba a can. Yawancin mutane suna shiga ne a matsayin masu tattara bayanai, sannan masu duba ayari, sannan masu nazari. Kada ka raina matakin farko. Ka kuma san cewa ayyukan da ke dogara ga tallafin waje suna iya tsayawa dare ɗaya: a farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, har shafin FEWS NET mai gargaɗin yunwa tun 1985 sai da ya rufe na wasu watanni. Ƙwarewar da kamfanin shinkafa ko banki ko ƙungiyar manoma za su biya kuɗi a kanta ta fi riƙe mutum.

Takardun kwasa-kwasai sun yi yawa a hannun kowa. Abin da ke bambanta mai neman aiki shi ne aikin da ya yi da hannunsa daga farko zuwa ƙarshe. Ka zaɓi kasuwa ɗaya mafi kusa da kai, da kayan abinci biyar, ka je kowace ranar kasuwa da sikelinka, ka rubuta farashi da nauyin tiya har wata shida, ka kafa ma'aunin ruwan sama a gida, sannan ka fitar da shafi biyu da Hausa waɗanda sarkin noman garinku zai ji ya ce sun yi masa amfani. Wannan shi za ka ajiye a gaban masu ɗaukar aiki. Ranar kasuwa mai zuwa ka fara.